AMSAR WASIƘUNKU: Ba Kowane Ciwon Hankali Ne Hauka Ba

  Kamar yadda muka saba, amsar da muka bayar a rediyo ita ce muke sake kawo muku a wannan shafi, don wanda yake fadama ko yake kan hanyar kasuwa sa'ad da aka watsa shirin ya samu ya karanta, ko a karanta masa a zaure bayan sallar isha'i.

Wasiƙu uku ne a gabanmu yau, daga garuruwa uku, amma duk wuri guda suka dosa. Ba za mu faɗi sunayen waɗanda suka aiko ba, domin dukansu sun roƙi a sakaya. Ku riƙe wannan roƙo nasu, za mu komo kansa. Ai da a kan ciwon ido ko ciwon ƙafa suka rubuto, da babu wanda zai ce a ɓoye sunansa.

Ta farko daga wani manomin albasa ne a Aliero. Ga abin da yake cewa: "Malam, ƙanena ya ci bashi ya yi noman rani, ya adana albasarsa yana jiran ta yi tsada, sai ta ruɓe masa. Yau wata huɗu ke nan ba ya fita, ba ya cin abinci sai an matsa masa, dare ya raba idonsa biyu. Kullum cewa yake ba shi da wani amfani a duniya. Mutanen unguwa sun fara cewa ya taɓu, har gidan da yake neman aure sun maido da kaya. Don Allah, wanga abu hauka ne?"

Ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maiyama, ɗanta ya rubuta mata: "Ɗiyata mai shekara goma sha ɗaya tana faɗuwa tana kumfar baki. An ware mata kwano da moɗa, yara sun daina wasa da ita, ubanta ya ce ta bar makaranta tun da mahaukaciya ba ta karatu. Alhali in ta farfaɗo, ta fi duk 'yan'uwanta riƙe karatu."

Ta uku daga wani mai sayar da hatsi ne a kasuwar Jega. Ya ce yaron shagonsa ya faɗa shan ƙwaya, yanzu yana magana shi kaɗai, iyayensa na shawarar a sa masa mari. Sa'an nan ya ƙara da cewa: "Muna jin ku a rediyo kuna cewa lafiyar ƙwaƙwalwa, kuna cewa tsangwama, kuna cewa masu buƙata ta musamman. Mu hauka muka sani, nakasassu muka sani. Ku fassara mana, ko dai sabon yayi ne na 'yan boko?"

To, madalla. Mun gode muku duka. Bari mu fara da tambayar Alhaji na Jega, domin in aka warware ta, sauran biyun za su zo da sauƙi.

DARASI DAGA MASU ƊORI

Ku mutanen Aliero, duniya ta san ku da albasa, ta kuma san ku da ɗori. Daga nesa ake kawo muku waɗanda suka yi haɗari. To, idan aka shimfiɗe mutum gaban mai ɗori, ba ya cewa "ciwon ƙafa ne" ya tashi. Sai ya shafa, ya latsa, ya tambaya, sa'an nan ya ce wannan karaya ce, ko targaɗe, ko gocewar ƙashi, ko tsagewa. Kowanne da yadda ake yi masa. In aka ɗaure targaɗe kamar karaya an cuci mai ita, in aka bar karaya aka ce targaɗe ce ƙafa ta lalace.

Haka abin yake ga hankali. Mun ɗauki kalma guda, wato hauka, mun mai da ita buhu, duk abin da ba mu gane ba sai mu tura ciki: mai damuwa, mai farfaɗiya, tsohuwar da ta ruɗe, yaron da zazzaɓi ya gigita, mai jego da ta rikice, duk mu ce hauka. Sababbin kalmomin nan da kuke ji, amfaninsu shi ne a zazzage buhun a ware kaya, kowane ciwo a kira shi da sunansa, don a san ƙofar da za a nufa da shi.

Abin da ake nufi da lafiyar ƙwaƙwalwa, wasu su ce lafiyar hankali, shi ne mutum ya kasance yana iya ɗaukar wahalhalun yau da kullum, ya yi sana'arsa, ya zauna da mutane lafiya, ya amfani iyalinsa. Kowa yana da ita kamar yadda kowa yake da lafiyar jiki, kuma takan ƙaru, takan ragu. Idan ta ragu har ta hana mutum barci ko aiki ko zama da jama'a na tsawon lokaci, shi ne ake cewa ya sami larurar ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana ɗauke da irin wannan larura. Wato a wannan lissafi, in motar kasuwa ta ɗauki mutum goma sha shida, biyu daga ciki suna fama da wani abu, kuma galibinsu ba za ka gane su a fuska ba. Wanda kake gani yana yawo a tasha da tsummoki kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu, kuma sau da yawa rashin magani da rashin mai kula ne suka kai shi can.

CIWON DAMUWA

Yanzu sai mu komo ga manomin Aliero. Ɗan'uwa, mu ba mu ga ƙanenka ba, likita ne zai duba shi ya yanke magana, amma alamun da ka lissafa su ne alamun abin da ake kira ciwon damuwa.

A nan akwai bambancin da ya kamata kowa ya sani. Ɓacin rai na yau da kullum kowa yana yi. Da ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a jihar Kebbi, wane manomi ne bai kwana da baƙin ciki ba? Amma yawancin mutane bayan kwanaki sai suka tashi, suka nemi iri, suka fuskanci noman rani. Ciwon damuwa kuwa shi ne baƙin cikin ya zauna ya ƙi tashi, kusan kowace rana, har mako biyu ko fiye. Mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa, abinci ya fita ransa, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, jiki ya mutu, ya riƙa ganin laifin kansa a komai. Mutanenmu da yawa ba sa cewa suna baƙin ciki, sai su ce ƙirjinsu ya yi nauyi, ko tsakar kansu na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsu. Sai a yi ta sayen maganin zazzaɓi da na shawara a kemis, ciwo yana nan.

Mai ciwon damuwa yana cikin hankalinsa. Ya san kowa, ya san ranar kasuwa, ya san yawan bashin da ake binsa, hasali ma yawan tunanin bashin ne ke cinsa. Kada a ce masa rago ne, kada kuma a ce ba shi da tawakkali. Mai hawan jini ba a ce masa imaninsa ne ya yi rauni, ana yi masa addu'a ana kuma ba shi magani. Shi ma wannan yana da magani: akwai na zama da ma'aikacin lafiya a tattauna, akwai na ƙwaya. Sai dai a sani, na ƙwayar ba ya aiki rana ɗaya kamar maganin ciwon kai, yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, kuma ba a daina shi sai da izinin likita.

Akwai magana guda a wasiƙarka da ta fi tsaya mana a rai, inda ƙanenka yake cewa ba shi da amfani a duniya. Kada ku ɗauki wannan da wasa. Ka zauna da shi ku biyu, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa, don ya sami wanda zai faɗa wa. Kada a bar shi shi kaɗai. Maganin feshi da na ƙwari da na ɓera da ke gidan, a kwashe a kulle wuri mai nisa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu halaka kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, kuma mu manoma shi ne a ƙarƙashin gadonmu. Sa'an nan a kai shi asibiti cikin makon nan. Batun bashin kuma, ku manya ku je ku sami mai kuɗin a tsara yadda za a biya, ku sauke masa rabin kayan.

Ƙanwar damuwa ita ce ciwon fargaba: gaba ya yi ta faɗuwa ba dalili, zuciya na bugawa, gumi na karyowa, mutum ya ji kamar mutuwa zai yi, a auna shi a asibiti a ce lafiyarsa lau. Akwai kuma firgitar da ke biyo bayan bala'i, kamar wanda ya tsira daga hannun 'yan bindiga, ko haɗarin mota, ko kifewar jirgin ruwa. Abin ya yi ta dawo masa a mafarki, ƙarar salansar babur ta sa ya zabura. Duk waɗannan larurori ne masu suna, masu magani.

FARFAƊIYA

Baiwar Allah ta Maiyama, ki kwantar da hankalinki. Abin da kika kwatanta ya yi kama da farfaɗiya, kuma farfaɗiya ba hauka ba ce. Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da wasu saƙonni masu kama da wutar lantarki. In suka hargitse na ɗan lokaci, sai mutum ya faɗi ya yi ta fizge-fizge, in suka daidaita ya tashi ya koma yadda yake. Abubuwan da kan jawo ta sun haɗa da wahalar haihuwa, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, da sanƙarau, da buguwa a kai irin ta haɗarin babur. Wani lokaci kuma ba a gano dalili. Kimanin mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kuma masana sun tabbatar cewa har bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa in aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace, suka riƙa sha kullum ba fashi.

Kun ji dai, jama'a, ba a ɗaukar farfaɗiya. Ba a ɗaukarta ta miyau, ko ta kumfa, ko ta kwano, ko ta tsallake inda mai ita ya faɗi. Sa'ad da nake koyarwa a firamare, wani yaro ya taɓa faɗuwa a ajina, yara suka watse ta ƙofa da taga, ni kaina na tsaya nesa ina kallo, don abin da aka faɗa mini tun ina ƙarami ke nan. Yaron ya fasa goshi a bakin benci. Da na san abin da na sani yau, da bai ji wannan rauni ba, kuma har gobe abin yana damuna.

Ga abin da ake yi in mutum ya faɗi. A janye shi daga wuta, ko ruwa, ko bakin rijiya, ko titi. A sa masa wani abu mai taushi a ƙarƙashin kai. Kada a danne shi, kada a tura masa cokali ko tsinke ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo ko manja, don yana iya shaƙewa. In fizge-fizgen ya lafa a kwantar da shi ta gefe guda, a zauna da shi har ya dawo hayyacinsa. In abin ya wuce minti biyar, ko ya sake tashi a jere, a garzaya asibiti.

Ki kai ɗiyarki babban asibiti a duba ta. A mayar da kwanonta cikin na 'yan'uwanta. A roƙi malam ubanta ya bar ta ta koma makaranta, a kuma sanar da malamanta abin da za su yi in ta faɗi. Abin kiyayewa kawai, kada ta zauna ita kaɗai a bakin murhu, kada ta je rijiya ko gulbi ba tare da babba ba.

SAURAN SUNAYEN

Wanda jama'a suka fi kira hauka, likitoci suna ce masa taɓin hankali mai tsanani. Alamarsa mutum ya riƙa jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi, ko ya kafe a kan abin da babu shi, misali ya ce ana binsa za a kashe shi ko an sa masa guba a tuwo, maganarsa ta daina haɗuwa, ya bar wanka da sana'a. Nau'in da ya fi daɗewa a jiki yana samun kimanin mutum ɗaya cikin 300 a duniya, kuma ya fi farawa a shekarun samartaka. Akwai wani nau'in mai hawa da sauka: wani lokaci mutum ya cika da kuzari, ba barci, surutu ba tsayawa, ya yi ta rabon dukiyarsa, bayan nan ya faɗa cikin damuwa mai nauyi. Duka biyun ana shawo kansu da magani, kuma da yawa suna komawa gona da kasuwa. Yawancin masu wannan larura ba sa dukan kowa, su ne ma aka fi duka da jifa.

Akwai rikicewar jego. Mace ta haihu lafiya, cikin kwanaki ko makonni kaɗan ta daina barci, ta riƙa sambatu, ta ƙi jaririnta ko ta ce ba nata ba ne. Yana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu da suka haihu. Wannan na gaggawa ne, a kai ta asibiti ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kada kuma a ɗora wa kishiya laifi. Galibi suna warkewa sarai.

Akwai gigin tsufa, inda tsoho ko tsohuwa za su manta sunan jikokinsu, su fita su kasa gane hanyar gida, su yi ta maganar mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ƙwaƙwalwa ce ta gaji. Abin takaici, a wasu wurare irin wannan tsohuwa ake yi wa ƙazafin maita, alhali ita ce ta goya rabin unguwar.

Akwai ruɗewar zazzaɓi. Yaro ko babba yana lafiya jiya, yau jiki ya yi zafi, yana sambatu bai san inda yake ba, wataƙila wuya ya sanƙare. Manya suna tune da annobar sanƙarau ta 1996, kuma a 2025 ciwon ya sake ɓulla a Gwandu da Aliero da Jega. Irin wannan ba ya jiran gobe, asibiti za a nufa nan take.

Akwai jinkirin fahimta, wato yaron da tun yana ƙarami ya makara wajen zama da tafiya da magana, karatu yana yi masa wuya. Shi ne muke ce wa dolo ko gaula. Wahalar haihuwa kan jawo shi, haka ma rashin sinadarin aidin a jikin uwa, wanda shi ne kuma ke kawo maƙoƙo, shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. Irin wannan yaro yana koyon kiwo da noma da sana'ar hannu in aka bi shi a hankali.

Sai larurar shaye-shaye, wadda ta kawo mu ga yaron shagon Alhaji. Ƙwayar tiramol da wiwi da maganin tari mai kodin da sholisho suna iya kama mutum har ya kasa bari ko da yana so, suna kuma iya tayar da taɓin hankali. Da yawa sun fara ne don su ƙara ƙarfin aiki a gona ko wajen dako. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma a watan Mayun 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Alhaji, ka hana a sa wa yaron nan mari. Mari da turu suna cin ƙafa, ba sa fitar da ƙwaya daga jini. Kowa ya ji abin da aka tarar a 2019 da 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Asibiti za a kai shi.

SUNAN DA MUKE KIRAN MUTUM

Yanzu sai mu komo ga roƙon nan na a sakaya suna. A ƙasarmu ana sanin mutum da sunaye da yawa. Ana saninsa da sunan yanka, da na ubansa, da garinsu, da asalinsa, a ce Bagimbane ne ko Bakabe ko Bafillace ko Bazabarme. Ana saninsa da sana'arsa, a ce manomi, ko mahauci, ko dillali, ko maƙeri. Waɗannan sunaye su ne matsayinsa a cikin jama'a, da su ake ba shi bashi, da su ake ba shi aure, da su ake sauraron maganarsa a taro. Ranar da aka ce masa mahaukaci, duk sauran sunayen sai su faɗi, wannan guda ya rage. Ko ya warke shekara goma, in ya yi magana a taro sai wani ya ce a rabu da shi, ba a rasa nono a ruga. Sunan kuma ba ya tsayawa kansa, sai ya bi ƙannensa mata, in an zo binciken aure a ce gidansu akwai hauka.

Wannan shi ake kira tsangwama: a liƙa wa mutum suna saboda larurarsa, a ƙyamace shi. In ƙyamar ta kai ga aiki, aka hana shi aure ko makaranta ko rumfa a kasuwa ko gadonsa, ta zama wariya. Illarta ita ce tana sa a ɓoye majinyaci a ƙuryar ɗaki har ciwon ya yi nisa, don tsoron bakin mutane. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya.

Shi ya sa muke cewa mai larurar ƙwaƙwalwa, ko mai fama da damuwa, ko mai farfaɗiya. Mutumin yana nan da sunansa, larura ce ta same shi. Wanda ya karye aka yi masa ɗori a Aliero ya warke, ai ba a kiransa karyayye har ya mutu. Haka nan "masu buƙata ta musamman" da kuke ji, ana nufin makafi da kurame da guragu da sauransu, waɗanda in aka ba su abin da suke buƙata, kamar sanda ko keke ko malamin da ya iya koyar da su, sai su yi abin da kowa ke yi. Ba sabon abu ba ne a gare mu mu ba su matsayi, tun da can garuruwanmu suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu. Addini ma ya riga boko a nan: Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, kuma malamai suna karantar da mu cewa an ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Wanda Allah ya ɗauke wa hisabi, don me yaranmu za su bi shi da jifa muna kallo?

Hukuma ita ma ta sauya harshe. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga dokar Turawan mulki ta 1916, ta fi mai da hankali ga tsare mutum. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi haƙƙin majinyaci na a kula da shi cikin mutunci ba tare da nuna bambanci ba. Kafin nan, a Janairun 2019, ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu, ga mutumin da aka kama da laifin.

TO, ALJANU DA SAMMU FA?

Mun san wani zai ce, Malam, ka manta da iska da sammu. Ba mu zo yin gardama da imanin kowa ba. Abin da muke cewa shi ne addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. A yi addu'a, a yi sadaka, a kuma kai wa likita. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne duka, da ɗauri, da hana abinci, da turara hayaƙin da ke shaƙe mutum, da sayar da gona a kai wa wanda ya ce a daina maganin asibiti. Duk mai maganin da ya ce ka zubar da ƙwayar likita, ka kama hannun ɗan'uwanka ku fita.

Wani likita ɗan Nijeriya, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ya nuna wa duniya hanya tun 1954 a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle majinyata, sai ya saukar da su a gidajen mutanen ƙauye, kowanne tare da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti karɓar magani suna komawa cikin jama'a, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gane shi ne majinyaci ya fi samun sauƙi a tsakiyar mutane, kuma wannan mu mutanen karkara muna da shi a hannu.

Inda za a fara shi ne asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin Jega, ko na Aliero, ko na Maiyama. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, ko Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Kware. A tafi da wanda ya san yadda ciwon ya fara, a tafi da duk magungunan da majinyaci yake sha, a faɗa wa likita gaskiya ko da akwai batun shaye-shaye. In an dawo gida a tabbata yana shan magani, a koma ranar da aka ce a koma, a ba shi ɗan aikin da zai iya, a ci abinci tare da shi, a kira shi da sunansa na yanka.

Manomin Aliero, da baiwar Allah ta Maiyama, da Alhaji na kasuwar Jega, muna jiran wasiƙunku na biyu mu ji yadda aka ƙare. Sauran jama'a kuma, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya shafa wa nasa ruwa, domin babu gidan da ya fi ƙarfin wannan jarrabawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya ba masu jinya haƙuri da lada. A ci gaba da aiko da wasiƙu kamar yadda aka saba, wanda ya so a sakaya sunansa za a sakaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.